Kafin a Taɓa Wasan: Wahalar Kafa Wurin Aiki ga Masu Yi wa Minecraft Kwaskwarima

Kwaskwarimar wasannin bidiyo, wadda masu yinta ke kira "mod" a taƙaice, ita ce ɗaukar wasan da wani kamfani ya riga ya kammala ya sayar, a ƙara masa abin da babu a cikinsa ko a sauya masa ɗabi'a, ba tare da mai aikin yana cikin ma'aikatan kamfanin ba. Al'adar ta yi ƙarfi tun 1993, lokacin da kamfanin id Software na Amurka ya fitar da wasan Doom, ya kuma ware hotuna da taswirori da sautukansa a fayil dabam da injin wasan, ta yadda duk mai so zai iya musanya su da nasa. Daga irin wannan aiki ne Counter-Strike ya fito a 1999 a matsayin kwaskwarimar Half-Life, kamar yadda Dota ya samo asali daga taswirar da 'yan wasa suka ƙirƙira a cikin Warcraft III. A yau kuwa da wuya a sami wasan da ya tara masu kwaskwarima kamar Minecraft, wanda Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fara saki a 2009, kamfanin Microsoft ya saye shi tare da Mojang, kamfanin da ke yin sa, a 2014 kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sanar cewa an sayar da fiye da kwafi miliyan 300 nasa.

Reshen wasan da aka fi yi wa kwaskwarima mai zurfi shi ne wanda aka rubuta da harshen shirya manhaja na Java, kuma yara da matasa masu yawa a duniya ta wannan ƙofa suka fara koyon rubuta manhaja, domin burin ƙara wa wasa sabon takobi ko sabuwar dabba ya fi jan hankalin mai koyo fiye da darasin lissafi a allo. Sai dai kafin a rubuta layi ɗaya na wannan takobi akwai wani aiki da ba a cika ba shi muhimmancin da ya kamata ba, wato kafa wurin aiki, ma'ana tattara kayan da kwamfuta ke buƙata domin ta karɓi rubutun mai kwaskwarima, ta harhaɗa shi, ta haɗa shi da wasan, sannan ta kunna wasan don gwaji. A nan ne masu koyo da yawa ke karaya, suna ɗaukar jajayen rubutun da ke cika musu allo a matsayin shaidar cewa ba su da kan wannan aiki, alhali a mafi yawan lokuta ba su riga sun rubuta abin da zai iya zama kuskure ba. Abin da ke faruwa shi ne an zaunar da kayan aiki huɗu ko biyar wuri guda, waɗanda mutane dabam-dabam suka ƙera a shekaru dabam-dabam, kuma ɗaya daga cikinsu bai yi zamani ɗaya da sauran ba.

Na farko a cikin kayan shi ne Java kansa, wanda ke zuwa iri biyu: ƙaramin kunshi mai kunna manhajar da aka riga aka gama, da babban kunshin da ake kira JDK, mai ɗauke da maharhaɗa, wato manhajar da ke juya rubutun da mutum ke iya karantawa zuwa umarnin da na'ura ke bi. Na biyu shi ne Gradle, wanda aikinsa ya yi kama da na shugaban magina, domin shi ke karanta takardar tsarin aiki, ya sauko da abin da ake buƙata daga intanet, ya kira maharhaɗa, ya ƙulle sakamakon a fayil guda mai ƙarshen suna jar. Na uku shi ne maloda, manhajar da ke kutsawa tsakanin wasan da kwaskwarimomi ta ba su hanyar shiga. Mafi daɗewa a cikin waɗanda ake amfani da su shi ne Forge, wanda ya fara a 2011 kuma sunansa ke nufin maƙera, sai Fabric da ya bayyana ga jama'a a 2018, wanda masu shi suka ɗauko sunayen kayansu daga saƙa, har suka kira abin da ke haɗa shi da Gradle da Loom, wato masaƙa, sai kuma NeoForge da ya ɓalle daga Forge a watan Yuli 2023 tare da akasarin masu aikinsa. Na huɗu shi ne manhajar rubutu, galibi IntelliJ IDEA ko Eclipse. Kowanne daga cikin waɗannan yana da sigoginsa, kuma kowace sigar wasan tana da ƙayyadaddun sigogin sauran da take jituwa da su.

Lambar da ke cikin saƙon kuskure

Matsalar da ta fi kowace yawa ita ce ta sigar Java, kuma tushenta yana cikin tarihin wasan. Shekaru da dama Minecraft yana tafiya a kan Java 8, har zuwa siga ta 1.16.5, da aka saki 1.17 a watan Yuni 2021 sai aka koma Java 16, bayan watanni kaɗan 1.18 ta buƙaci Java 17, sannan 1.20.5 ta watan Afrilu 2024 ta ɗaga buƙatar zuwa Java 21. Mai koyon da ya bi darasin bidiyo na 2020 ya sauke Java 8, sa'annan ya ɗauko samfurin aiki na sigar wasa ta 2024, ya riga ya shirya wa kansa faɗuwa tun kafin ya danna komai. Abin da ke ƙara rikita shi shi ne wasan da ya saya yana tafiya lafiya lau a kan kwamfutar, domin manhajar da Mojang ke bayarwa don kunna wasan tana zuwa da nata Java a ɓoye, wanda ba ya rasa dacewa da sigar da aka zaɓa, amma kuma Gradle bai san da zamansa ba, ba ya kuma amfani da shi.

Saƙon da ke fitowa a irin wannan hali ya cancanci a dube shi da kyau, domin yana ɗauke da amsarsa a cikinsa. Yakan fara da doguwar kalmar UnsupportedClassVersionError, sannan ya ce an harhaɗa wani fayil da siga ta 65.0, alhali Java da ke aiki yanzu bai san abin da ya wuce 52.0 ba. Mai koyo yakan duba ya ga babu Java 65 babu Java 52 a ko'ina, sai ya ɗauka saƙon shirme ne. Gaskiyar ita ce kowane fayil da maharhaɗa ta fitar yana ɗauke da wata lamba a farkonsa da ke nuna zamanin da aka yi shi, kuma wannan lamba tana gaban lambar sigar Java da 44 daidai: Java 8 shi ne 52, Java 16 shi ne 60, Java 17 shi ne 61, Java 21 kuma 65. Da zarar an cire 44 daga kowace lamba, saƙon da ya yi kama da tsafi sai ya koma magana mai sauƙi, cewa abin da ake son kunnawa na Java 21 ne, wanda aka kira ya kunna shi kuwa Java 8 ne. Mintin da aka ɓata wajen koya wa mai farawa wannan ɗan lissafi ya fi masa amfani fiye da awa guda na sake sauke manhajoji a makance.

Amma ko da an sauke JDK da ya dace, tsugune ba ta ƙare ba, domin kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar Java uku ko huɗu a lokaci guda, kuma akwai aƙalla wurare uku da ake yanke shawarar wanne za a kira. Akwai jerin hanyoyin da tsarin kwamfuta ke bi yana neman umarni, wanda ake kira PATH, inda wanda ya zo farko a jerin shi ke amsawa; akwai alamar JAVA_HOME, wadda Gradle ke fara dubawa idan an kira shi daga allon umarni; akwai kuma zaɓin da ke cikin IntelliJ IDEA, inda Java na aikin da Java na Gradle ke da akwatuna biyu dabam a shafuka biyu dabam. Saboda haka ake samun abin da ke ɗaure wa mutane kai, aikin ya harhaɗu a allon umarni ya ƙi harhaɗuwa a manhajar rubutu, ko akasin haka. Hanyar da ƙwararru ke bi ita ce su daina zato su tambayi kowane ɓangare da bakinsa: umarnin "java -version" yana faɗin wanda PATH ya zaɓa, umarnin "gradlew --version" kuma yana faɗin wanda Gradle ke zaune a kansa. Akwai ma wani tarko a nan, domin Gradle yakan bar wani ɓangarensa yana aiki a bayan fage don a samu sauri a kira na gaba, wanda ya sa masu sana'ar suka saba kashe shi da "gradlew --stop" bayan kowane babban sauyi, don a tabbata an fara daga fari.

Ba tsufa kaɗai ke kawo cikas ba, sabunta ma tana kawowa. Gradle da kansa manhajar Java ce, kuma kowace sigarsa tana da iyakar Java da ta sani: sai daga Gradle 7.3 ake iya tafiya a kan Java 17, sai kuma daga 8.5 a kan Java 21. Wanda ya sauke Java mafi sabunta da kyakkyawar niyya, ya buɗe aikin da aka ɗaure da tsohon Gradle, zai ga saƙo mai kama da na baya yana ƙorafi kan lambar da bai sani ba. Lamarin ya fi tsanani ga masu aiki a kan 1.12.2, sigar da aka saki a watan Satumba 2017, watan da Java 9 ma ya fito ya sauya yadda ake loda sassan manhaja a ciki. Tsohuwar hanyar da Forge ke bi ya kunna wasan ta dogara da tsarin da Java 8 ke da shi, don haka a kan duk wani Java da ya wuce 8 wasan yakan faɗi nan take, tun kafin taga ta buɗe. A nan shawarar da aka saba ba mai kwamfuta, cewa ya riƙa sabunta komai, ita ce ainihin abin da ke kashe aikin. Wannan ne ya sa kowane samfurin aiki ke zuwa da ɗan fayil mai suna gradlew, wanda ke sauko da ainihin sigar Gradle da aka rubuta a takardar aikin, kuma mai hankali ba ya tsallake shi ya kira wani Gradle da ya girka da hannunsa.

Sunaye uku ga abu ɗaya

Wahala ta biyu ta fi ta farko zurfi, kuma ta keɓanta da wannan wasa. Tsawon shekaru Mojang ya kasance yana sakin wasan ne bayan ya bi ta cikin wata manhaja da ke goge sunayen da masu rubutu suka ba sassansa, ta maye gurbinsu da haruffa marasa ma'ana irin su a da b da c, waɗanda kuma ke sauyawa daga siga zuwa siga. Masu kwaskwarima na farko sai da suka zauna suka warware wasan, suka karanci abin da kowane sashe ke yi, suka raɗa masa suna, suka tara sunayen a wani kundi da aka sani da MCP, wanda jagoransa, mai laƙabin Searge, daga baya Mojang ya ɗauke shi aiki. Irin wannan kundi shi ake kira taswirar sunaye, domin aikinsa shi ne nuna cewa harafi kaza a wasan da aka saki shi ne suna kaza a rubutun mai kwaskwarima. Masu Fabric suka yi nasu kundin suka kira shi Yarn, wato zare, sannan a watan Satumba 2019 Mojang ya fara wallafa tasa taswirar mai ɗauke da sunayen asali.

Sakamakon haka abu ɗaya a cikin wasan ya wayi gari da sunaye da yawa. Sashen da ke wakiltar duniyar wasan, alal misali, Yarn na kiransa World, taswirar Mojang na kiransa Level, kuma a tsakanin sunan mutane da harafin da aka saki akwai wani suna na tsaka-tsaki, mai lamba, wanda aka ƙirƙira don kada ya sauya ko da harafin ya sauya; na Fabric yakan fara da class ko method sai lamba ta biyo baya, na tsohon Forge kuma yakan fara da func. Mai koyon da ya kwafo misali daga darasin da aka rubuta da taswira ɗaya, ya liƙa a aikin da aka kafa da wata, zai ga manhajar rubutu ta ja jan layi ƙarƙashin kusan kowace kalma tana cewa ba ta san ta ba, alhali tunanin da ke cikin misalin daidai yake. Maganin yana cikin layi ɗaya na takardar Gradle, inda aka faɗi taswirar da aikin ke bi, kuma dubawa can kafin a fara gyara rubutu yana hana a lalata abin da ba shi da laifi.

Daga wannan tushe ne kuma ake samun cutar da ta fi ɓata rai, wato kwaskwarimar da ke aiki sumul a wurin gwaji amma ta faɗi da zarar an sa ta a wasan gaske, da saƙon cewa babu wani aiki mai suna kaza. Dalili shi ne a wurin gwaji wasan yana sanye da sunayen da mutum ke karantawa, a hannun 'yan wasa kuwa sau da yawa ba haka yake ba, don haka dole a ƙarshen harhaɗawa a sake juya sunayen da ke cikin kwaskwarimar zuwa waɗanda wasan gaske zai gane. Gradle yakan bar fayil fiye da ɗaya bayan ya gama, wani an juya shi wani ba a juya ba, kuma ɗaukar wanda ba shi ba kuskure ne da kusan kowa ya taɓa yi. Haka nan idan kwaskwarima ta dogara da ta wani, dole a shaida wa Gradle cewa wannan abin dogaro kwaskwarima ce da ke buƙatar juyin suna. A Loom ana yin haka da kalmar modImplementation maimakon implementation, a kayan Forge kuma da fg.deobf, kuma bambancin 'yan haruffan nan shi ne bambancin aikin da ke tashi da wanda ke faɗuwa.

Akwai wasu matsalolin da ba daga kwamfutar mai aiki suke ba sam. Karon farko da aka buɗe aiki, Gradle yana sauko da wasan da laburarensa, wato guntayen manhajojin wasu da yake dogaro da su, da kuma ɗaruruwan megabait na sautuka da fayilolin harsuna, ya adana su a wata ɓoyayyiyar folda mai suna .gradle don kada a sake saukewa. Idan intanet ta yanke ko aka ɗauke wuta a tsakiyar wannan aiki, ana iya barin guntun fayil a rumbun, wanda daga baya zai riƙa haifar da saƙonni iri-iri da ba su ambaci intanet ko sau ɗaya ba. Ga wanda ke sayen data da awo, goge rumbun gaba ɗaya asara ce ta gaske, don haka ya fi dacewa a fara da umarnin da ke sa Gradle ya sake tantance abin da ya adana, wato ƙara "--refresh-dependencies", ko a goge foldar abin da saƙon ya ambata kaɗai. Bayan an samu saukewa ɗaya cikakkiya kuma, ƙara "--offline" yana barin a ci gaba da yawancin aikin ba tare da intanet ba. Tsofaffin ayyuka kuwa suna da nasu ciwon, domin rumbunan intanet da suke nema sun ƙaura ko sun rufe: babban rumbun Maven Central ya daina amsa kiran da ba a rufe shi da tsaro ba tun watan Janairu 2020, rumbun JCenter kuma aka sanar da rufe shi a 2021, ta yadda aikin da ya harhaɗu lafiya a 2018 yana iya ƙin tashi a yau ba tare da an taɓa masa harafi ɗaya ba.

Saƙon da ke ɗauke da haruffan PKIX yana nufin Java ya ƙi amincewa da takardar shaidar shafin da yake son shiga, kuma sau da yawa laifin na manhajar kashe ƙwayoyin cuta ne da ke leƙa zirga-zirgar intanet, ko na tsohon Java da bai san sababbin masu ba da shaidar ba. Wani lokaci ma agogon kwamfuta ne kawai ya koma baya saboda ɗan batirin da ke riƙe shi ya mutu, abin da ba baƙo ba ne a kwamfutocin hannu da suka daɗe. Abin da bai kamata a yi ba a irin wannan hali shi ne neman mafita ta hanyar sauke Java ko wani fayil na jar daga shafin da ba a sani ba. A watan Yuni 2023 an gano wata muguwar manhaja, da aka raɗa wa suna fractureiser, wadda aka cusa cikin wasu kwaskwarimomi a dandalin CurseForge ta hanyar asusun da aka sace, kuma ɗaya daga cikin ayyukanta shi ne neman sauran fayilolin jar da ke kan kwamfuta ta shiga cikinsu. Kwamfutar mai kwaskwarima ta fi ta kowa haɗari a nan, domin abin da ya fito daga cikinta dubban mutane ke iya saukewa, kuma JDK na kyauta daga tushe sananne, irin Temurin na gidauniyar Eclipse, yana nan ga kowa.

Haruffa masu ƙugiya da murabba'in shunayya

Wurin da aka ajiye aikin ma yana da tasiri. Windows yana da tsohuwar iyaka ta haruffa 260 ga cikakken adireshin fayil, wadda foldojin Gradle masu shiga cikin juna ke iya ƙetarewa idan an binne aikin can ƙasa, kuma foldar da OneDrive ke kwafewa zuwa intanet takan riƙe fayil a daidai lokacin da Gradle ke son goge shi. Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin abu ɗaya da ya shafe shi kai tsaye. Kafin Java 18, maharhaɗa tana karanta rubutu ne da tsarin haruffan da kwamfutar ke bi, wanda a yawancin na'urorin Windows tsari ne na harsunan Yammacin Turai da bai san ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Saboda haka wanda ya rubuta kalmar "ƙarfe" a cikin rubutunsa a kan Java 8 ko 17 yana iya buɗe wasan ya tarar harafin farko ya rikiɗe ya zama wasu baƙin alamomi biyu, domin a tsarin UTF-8 harafin ƙ yana cin gurbi biyu, tsohon tsarin kuma ya karanta kowane gurbi a matsayin harafi mai zaman kansa. Layi ɗaya a takardar Gradle da ke tilasta UTF-8 yana warkar da wannan, kuma mafi kyau shi ne a ajiye duk kalmomin da ɗan wasa zai gani a fayil ɗin harshe, a bar sunan folda da sunan shaidar kwaskwarima da ƙananan haruffan boko marasa ƙugiya, tunda wasan ba ya karɓar babban harafi ko tazara a irin waɗannan sunaye.

Idan an tsallake duk wannan wasan ya buɗe, alamar farko da mai koyo ke cin karo da ita galibi ita ce murabba'i mai ɗigon shunayya da baƙi, kamar allon dara, yana zaune a inda takobinsa ya kamata ya kasance. Wannan ita ce hanyar wasan ta cewa ya san akwai abin, amma bai ga hotonsa ba. A gaskiya labari ne mai daɗi, domin yana nufin Java da Gradle da maloda da taswira duk sun jitu, saura adireshi kawai. Sau da yawa harafi ɗaya ne: a siga ta 1.13 ta 2018 foldar hotunan kaya ta koma item daga items, kuma a 1.21 an yi irin wannan sauyi ga foldojin bayanai, inda recipes ta koma recipe, ta yadda darasin da ya girmi sauyin zai sa mutum ya ajiye fayil mai kyau a foldar da wasan ya daina dubawa, kuma a wannan hali na biyu ba lalle a ga wata alama a allo ba, sai dai abin da aka tsara ya ƙi ƙeruwa. Akwai kuma rabuwar wasan gida biyu, ɓangaren da ke zana hoto a allon ɗan wasa da ɓangaren sabar da ke riƙe da dokokin duniya; sabar da aka keɓe ba ta ɗauke da sassan zane ko kaɗan, don haka kwaskwarimar da ta kira su daga wurin da bai dace ba za ta yi aiki ga mai wasa shi kaɗai, ta kuma kayar da sabar. Wanda bai taɓa gwada umarnin kunna sabar, runServer, ba, ya tsaya ga na ɓangaren ɗan wasa, runClient, kaɗai, 'yan wasa ne za su gano masa wannan.

Abin da ya haɗa waɗannan matsaloli shi ne dukkansu suna barin sawu a rubuce. Wasan yana rubuta duk abin da ya yi a fayil mai suna latest.log, idan ya faɗi kuma ya bar rahoton faɗuwa mai ɗaruruwan layuka, wanda tsawonsa ne ke sa mutane rufe shi ba su karanta ba. Rahoton yana da tsari: kuskure na sama sau da yawa sakamako ne kawai, a ƙarƙashinsa akwai layukan da ke farawa da "Caused by", kowanne yana nuna abin da ya haddasa na samansa, kuma na can ƙasa shi ne ya fi kusa da tushe. A cikin layukan da ke biye da shi ana neman na farko da ke ɗauke da sunan kwaskwarimar mutum ko ta wani, a tsallake na wasan da na Java. Idan kuma rikicin tsakanin kwaskwarimomi ne, musamman masu amfani da Mixin, wato dabarar da ke cusa rubutu cikin sassan wasan a lokacin loda su, inda biyu ke iya neman wuri guda, to hanyar da ta fi ita ce ta rabi-rabi: a cire rabin kwaskwarimomin a gwada, a sake raba rabin da matsalar ta bi, a ci gaba da haka. Da wannan hanya gwaji takwas ya isa a ware mai laifi ɗaya daga cikin 200, muddin ba a sauya abu biyu a gwaji ɗaya ba, wanda shi ne sharaɗin da gaggawa ke sa a karya.

A watan Oktoba 2025 Mojang ya sanar cewa zai daina goge sunaye a sababbin sigogin reshen wasan na Java, matakin da zai cire wa sababbin masu koyo dukan wahalar taswira da juyin suna. Sai dai sanarwar ba ta komawa baya ta shafi sigogin da aka riga aka saki, kuma jama'a masu yawa suna nan a kansu, musamman 1.7.10 ta 2014 da 1.12.2, saboda manyan tarin kwaskwarimomin da aka gina musu ba su taɓa ƙaura gaba ɗaya ba. Masu kula da tarin GregTech New Horizons, wanda ke zaune a kan 1.7.10, da suka ga tsofaffin kayan harhaɗawa sun daina jituwa da Gradle na zamani, sai suka rubuta nasu mai suna RetroFuturaGradle, suka kuma samar da hanyar da wasan na 2014 zai riƙa tafiya a kan Java 17 da waɗanda suka biyo bayansa.